Ranar da Valmai Ta Sauka a Port Averil

Mutum biyu ne ba sa sauka idan jirgi ya tsaya a gari: mai hura wuta da mai gyaran gadaje. Ni ne mai wutar. Mai gadajen Valmai Kloeden ce, kuma a kanta nake son in yi magana, tun da na san ba za ta zauna ta rubuta da kanta ba. Ta ce rubutu aikin waɗanda ba su da wanki ne.

Jirginmu, Ottilie, tsoho ne mai tafiya da tururi, itace yake ci. Kowace Litinin mukan tashi daga Murray Bridge da fasinja talatin da shida, mu hau kogi a hankali: Mannum, Swan Reach, Blanchetown, Port Averil, Morgan, sannan mu juyo. Masu hutu ne, yawancinsu sun ajiye aiki, sun zo ganin tsofaffin garuruwan bakin ruwa inda dā ake lodin alkama da gashin tumaki. A kowane gari akan ba su sa'a biyu. Da an busa usur sai su sauka da hulunansu da kyamarorinsu, jirgi ya yi tsit. Ni ba na barin tukunyar tururi, don wutar jan ice ba ta son a ɗauke mata ido. Ita kuwa Valmai, a wannan sa'a biyun kaɗai ɗakuna goma sha takwas ke zama babu kowa. A cikinta za ta cire zannuwa, ta juya katifu, ta share, ta shimfiɗa sababbi. Kafin ta ɗaure bakin buhun wanki na ƙarshe, an fara jin takun masu dawowa a kan katakon shiga jirgi.

Ta zo jirgin a shekarar 1971, tana da shekara talatin. 'Yar masu kiwon shanun madara ce daga Jervois. Mijinta ya tafi Arewa neman aiki, wasiƙa biyu ya aiko. Ta bar 'ya'yanta mata biyu wurin mahaifiyarta, ta ce za ta yi bazara ɗaya a jirgi ta gani. Gajeriya ce kakkaura, muryarta ta fi jikinta, kuma ban taɓa jin ta fara magana da "wataƙila" ba.

Yadda ta yi suna kuwa, ba wanda ya shirya shi. Fasinja idan ya dawo daga yawo bakinsa cike yake, yana neman inda zai juye. Matarsa ta ga abin da ya gani, saboda haka sai ya juye wa matar da ke ninke tawul a bakin ƙofa. Valmai ta iya tambaya, kuma abin da ya shiga kunnenta ba ya fita. Mako na gaba sai ta gaya wa sababbi.

"In kun je Averil, kada ku sayi lemo a shagon farko. Ku wuce kotu, akwai wani ɗan tebur kusa da coci. Kuma ke, Baba, ki sa takalmi mai igiya, matakalar hawa garin tana da santsi."

Su je su tarar haka ne. Su dawo da godiya, da ƙarin labari. A hankali ta san shekarar da aka gina kowace coci, da sunan wanda ya kafa injin niƙa, da mashayar da miyarta ta fi. Har ta kai idan fasinja ya yi tambayar da ta fi ƙarfin ma'aikata, amsa ɗaya ce: a tambayi Val. Shi kansa Lindsay, wanda aikinsa ne zagayawa da baƙi, na sha ganinsa yana leƙa ɗakin wanki yana tambayarta wata shekara da ta kwanta masa.

Babu wanda ya taɓa tambayarta ko ta taɓa taka garuruwan. Ni ma ban tambaya ba, don ba na bukata. Kullum idan sa'a ɗaya ta wuce takan sauko mini da shayi, ta zauna a kan tulin itace minti biyar, ta koma. Shekara talatin da ɗaya muna haka. A makon hutu kuwa tana gida, ba ta tuƙa mota, kuma wa ke kashe hutunsa a hanyar wurin aiki?

A shekarar 2002 kafaɗarta ta dama ta ƙi. Likita ya ce katifa ɗaya ta ƙara ɗagawa, hannun ba zai sake kaiwa kanta ba. A watan ne kuma Lindsay ya ce zai koma wurin 'yarsa a Queensland. Kyaftin Des Treloar, wanda jirgin nasa ne, ya kira ta ɗakin tuƙi. Ina ƙasa, amma akwai bututun magana tsakaninmu, kuma Des ba ya tuna rufe shi.

"Val, ba ni da wani aiki a jirgin nan da babu ɗagawa a ciki, sai na Lindsay. Ki ɗauki mutanen ranar Laraba a Averil. In ya yi, naki ne. In bai yi ba, ba zan iya riƙe ki ba, kin san yadda muke."

"Zai yi."

"Na san zai yi. Wa ya kai ki sanin Averil?"

"Babu," in ji ta.

Da la'asar ta sauko da shayi, ko da yake ba lokacinsa ba ne.

"Sarkin toka, ka taɓa hawa Averil?"

"Sau ɗaya."

"Me ka gani?"

"Mashaya."

"Bayan ita fa?"

"Silin ɗin mashayar. Daga baya ke nan."

"Allah ya shirye ka, Clarrie. Shekara nawa a kogi, ba ka da amfanin komai sai ƙona itace."

Na jefa gungume biyu, na rufe ƙofar wuta, na ce ko za ta gaya wa Des yadda abin yake.

"In gaya masa me? Na san garin nan kamar yunwar cikina. Daga matakala sai banki, sai kotu, sai shagon burodi, sai injin niƙa, sai coci a ƙarshe. Sau dubu an faɗa mini. Ƙafa ce kawai ban sa ba, ƙafa kuwa ba ta magana."

Ni ba mai saurin magana ba ne. Amma na je na roƙi Kev, injiniyanmu, ya riƙe mini wuta ranar Laraba. Ya dube ni kamar na ce zan yi rawa.

Laraba da hantsi muka ɗaure a Port Averil. Valmai ta fito da shuɗiyar riga wadda ban taɓa gani ba, da lemar da Lindsay ke ɗagawa baƙi su bi shi a hannun hagu. Fasinja talatin suka bi ta, shida suka ce gwiwa ta hana su. Ni ina can baya ina ƙirga kawuna. Des ma ya biyo mu, ya cire hular kyaftin, ya goya hannu.

A cikin fasinjojin akwai wani Malam Ormsby daga Melbourne, wanda ya koyar da tarihi shekara arba'in. Mutumin kirki ne, sai dai yana tafe da littafi mai jan bango, kuma yatsansa ba ya fita daga ciki.

Muka hau matakala. Valmai tana gaba tana ba da labarin shekarar da aka gina ta da mutanen da suka sassaƙa dutsen, ko numfashi ba ta yankewa. Muka fito babban titi. Nan ta tsaya.

Na ga yadda ta dubi dama, ta dubi hagu. Titi ne mai faɗi, gine-ginen dutse a jere, kowanne da barandarsa da fentinsa, dukansu suna kallon juna. Babu wanda ya gaya mata matakalar a tsakiyar titi take fitowa, kuma jerin da ta haddace ya rabu gida biyu. Mai ba da labari ba ya faɗin inda ya juya.

Ta ɗaga lema, ta yi dama, ta tsaya gaban wani gini mai ginshiƙai huɗu.

"Wannan ce kotu. An gina ta a 1879. A nan aka yi shari'ar ɓarayin tumakin nan uku."

Aka ɗaga kyamarori. Malam Ormsby ya matsa kusa da ƙofa, ya gyara tabarau, ya karanta allon tagulla da ke jikin bango.

"Gafara dai, Uwargida Kloeden. Nan an rubuta banki."

"Ai duk ɓarayi ne, Malam," in ji wani mai jar fuska daga baya. Aka yi dariya. Valmai ma ta yi, ta ce zafin rana ne, muka ci gaba.

Gini na gaba ta ce shagon burodi ne, wanda tandarsa ba ta mutu ba tun zamanin kakanni. Wata mata ta leƙa ta taga ta ce ita kujerar cire haƙori take gani. Wannan karon dariyar ba ta yi tsawo ba. Mutum biyar ko shida suka zame suka kewaye Malam Ormsby, ya buɗe littafinsa yana nuna musu can ɗaya ɓangaren. Na dubi Des. Yana kallon takalminsa.

Valmai ta naɗe lemar. Ta buga bakin lemar a ƙasa sau biyu.

"Ku matso nan, dukanku. Kai ma, Malam, da littafinka."

Suka matso.

"Shekara talatin da ɗaya nake zuwa garin nan kowace Laraba. Yau na fara taka shi. Duk abin da na gaya muku tun Litinin, irinku ne suka gaya mini, ina gyara musu gado. Banki da kotu ban san fuskarsu ba, kun dai gani da idonku."

Des ya ɗago kai. Ni dai na sake ƙirga mutane, ko da yake na san talatin ne.

Tana cikin maganar idonta ya faɗa wani ɗan lungu tsakanin gine-gine biyu. A ƙarshensa ana hango ruwa, da gefen wani tankin ruwan sama mai tsatsa, an ɗaure shi da waya.

"Af," in ji ta. "Wancan tankin na san shi. Ku biyo ni. Wanda ya fi son allon tagulla ya tsaya da Malam, ba zan ji haushi ba."

Ta shige lungun ba ta waiwaya ba. Mai jar fuska ya fara bin ta, sai sauran. Malam Ormsby ne na ƙarshe, sai ni da Des.

Lungun ya fitar da mu kan wata siririyar hanyar ƙafa a saman gaɓa. Ga kogi a ƙasa, ga Ottilie yana fitar da hayaƙin da ya nuna mini Kev ya cika itace. Garin ya juya wa ruwa ƙeya tun da jirgin ƙasa da motoci suka ƙwace kaya. A nan babu fenti, babu allo. Sai igiyoyin shanya, da tarin kwalabe, da kajin wani. Valmai ta juya ta fuskanci gine-ginen, ta ja numfashi, kafaɗunta suka sauka.

"Yawwa. Ga kotu nan, mai 'yar taga da sandunan ƙarfe. Malam, duba littafinka."

Ya ƙirga gine-gine da yatsa, ya duba, ya ce kotu ce.

"A 1979 sun rufe wani mai askin tumaki a ɗakin nan mako uku. Duk Laraba muka busa usur sai ya kama sandunan ya rera mana waƙa. Muryar kamar ana jan tebur. Mako na huɗu muka zo shiru, har mai dafa mana abinci ta yi hawaye."

Ta nuna musu ƙeyar bankin, inda matar wani manaja ta shekara tara tana noman tumatir, kowace shekara akuyar maƙwabta na cinyewa. Ta nuna amya shida a jikin katangar coci, ta ce fasto uku aka yi, na biyun ne kaɗai zuma ba ta harba ba, kuma shi ne wanda mutane ba sa so. Ta nuna shagon burodi na gaskiya, ta gane shi da baƙin bututun hayaƙinsa, ta ce idan hayaƙin ya yi fari to an sa burodi na biyu, yanzu ne lokacin saye.

A jikin bangon injin niƙa akwai zobban ƙarfe uku, ɗaya a ƙasa, ɗaya a tsakiya, ɗaya can sama kusa da wata ƙofa da ba ta da matakala. Malam Ormsby ya ce littafinsa ya ambaci zobban, amma bai faɗi dalilin uku ba.

"Mai littafin bai zo da ambaliya ba. Kogi ne ke zaɓar zobe. A 1974 a na tsakiya muka ɗaure jirgin nan, inda kake tsaye kifi ke yawo. Ina ɗaki na tara ina sa rigar filo, na ga maza takwas suna jan piyano da igiya zuwa saman mashaya. Mai mashayar na ihu a yi hankali da piyano, matarsa na cikin kwalekwale ba wanda ya tambaye ta. Na sama kuwa na ruwan 1956 ne, wannan ban gani ba, ba zan ce na gani ba."

Malam Ormsby ya zaro fensir ya fara rubutu a gefen shafi.

Muka zo gidan ƙarshe, ɗan ƙarami mai baranda ta katako. Wata tsohuwa tana tsaye jikin shinge, ta kare ido da hannu tana kallon jirgi. A ɗaya hannun tana riƙe da rawayan zanen tebur. Da ta ji takunmu ta juyo.

"Ku 'yan jirgi ne? Ina matar filo? Na kaɗa mata har hannuna ya gaji, ba ta amsa ba. Ba dai wani abu ya same ta ba?"

Sai a ranar na ji wannan. Ashe tun shekarar farko, duk Laraba da an busa usur, tsohuwar takan fito ta kaɗa zanen, Valmai ta amsa da rigar filo daga tagar ɗaki na tara. Ba su san sunan juna ba. Kakar tsohuwar ce ta saba yi wa jirgin mijinta haka, don ya san gida lafiya. Ita ta tashi ta tarar ana yi, ta ci gaba, jirage suka ƙare saura namu.

Valmai ta matsa jikin shingen.

"Ga matar filo a gabanki, Yaya. Ba ta mutu ba, gwajin ƙarin girma ake yi mata."

Tsohuwar ta dube ta daga sama har ƙasa, abin da bai ɗauki lokaci ba.

"Ke ce? Ni na ɗauka doguwa ce!"

"Akwati nake takawa. Ni ma ai na ɗauka yarinya ce ke."

"Yarinya ce ni lokacin da kika fara, marar kunya."

Sunanta Thelma Roocke, shekararta tamanin da ɗaya. Suka riƙe hannun juna ta saman shinge, suna magana a tare, ba mai sauraron wata. Thelma ta ce ba wanda zai wuce bai sha shayi ba. Kofi tara gare ta, aka sha bi da bi. Mai jar fuska ya ruga shagon burodi tun hayaƙin bai sauya ba. Ba mu koma jirgi ba sai da muka ƙara minti arba'in a kan lokaci, Des kuwa bai duba agogo ba, ko dai ban ga ya duba ba.

Da muka saki igiya muka kama hanyar Morgan, ya kira ta ɗakin tuƙi. Bututun a buɗe yake.

"Shekara talatin da ɗaya, Val. Kina yi wa fasinjojina ƙarya."

"Wace ƙarya? Lemon kusa da coci bai fi daɗi ba?"

"Kin bar ni na tsaya a titi kamar sakarai."

"Wannan kam ba ni na yi maka ba, Desmond, da shi ka zo."

Ina jin filafilan jirgi na dukan ruwa.

"Mutum goma sha ɗaya sun same ni," in ji shi. "Malamin ma ya ce zai bar miki littafinsa, wai ki gyara masa. Aikin naki ne. Amma ba zan sake jin an kira banki kotu ba. Mutane sun biya don su ga gaban gari ma."

"Za su gani."

"Gobe Morgan. Kin taɓa hawa?"

"Ka san amsa."

"Swan Reach fa? Mannum?"

"Des, kana ɓata mini lokaci. Ka kai ni kowane gari sa'a ɗaya kafin lokaci, mutane na cin abinci. In sauka ni kaɗai in ga inda ake juyawa. Sauran duk yana kaina."

"Sa'a ɗaya a kan wannan ruwan? Ba ni ke da wuta ba." Ya sunkuyo kan bututun. "Clarrie! Na san kana ji, tsohon munafuki. Zai yiwu?"

Na dubi tulin itace, na dubi allurar ma'aunin tururi. Hawan kogi ne, jirgin ya tsufa, ni ma a lokacin na ba sittin da biyar baya.

"Zai yiwu," na ce.

Haka muka yi bazarar nan gaba ɗaya. Muna isa gari ana jin ƙarar cokula a ɗakin cin abinci, ita kuma ta sauka da littafi mai jan bango a hammata, ta hau, ta zaga, ta dawo tana haki daidai lokacin da ake kwashe faranti. Kafin kaka ta daina bukatar sa'ar. Shekara takwas ta yi tana zagayawa da baƙi, ta gaba da ta ƙeya, har gwiwa ta bi sahun kafaɗa. Yanzu tana wurin ƙaramar 'yarta a Tailem Bend, tana gyara wa masu labarai a talabijin kurakuransu.

Ta taɓa tambayata ko gudun nan na bazarar farko ya wahalar da ni. Na ce itacen shekarar mai kyau ne, busasshe.